Daga ɗakin lacca zuwa ajin ƙauye: inda fasahar koyarwa take maƙalewa

Na taɓa zama a bayan aji a wata firamaren ƙauye a Jigawa, ina kallon wani ɗalibin koyon malanta da aka turo gwajin koyarwa, abin nan da suke kira TP. Darasin kimiyya ne a aji biyar, a kan yadda ruwa ke tashi sama ya zama girgije sannan ya dawo ƙasa. Saurayin yana riƙe da babbar waya mai kyau a hannun hagu, alli a hannun dama. Tun da ya shigo har aka kaɗa ƙararrawa ƙeyarsa yara suke kallo. Ya duba waya, ya kwafe a allo, su ma su kwafe a littafi, masu littafin ke nan. Da aka tashi na ce ya nuna mini abin da yake dubawa. Ashe hoton handawut ɗin malaminsa ne na kwaleji, ya bi shi shafi-shafi ya ɗauka.

Ban ga laifinsa ba, har yau kuma ban gani ba. Fiye da shekara biyu ya yi a zaune ana karanto masa yana rubutawa, saboda haka a wurinsa ma'anar koyarwa ke nan. An koya masa darasin fasahar koyarwa, ya haddace sunayen na'urori da amfaninsu, ya ci jarrabawa. Abin da bai taɓa gani ba shi ne malamin kimiyya yana koyar da kimiyya da waɗannan na'urori. Malami kuwa, duk abin da aka faɗa masa a littafi, idan ya tsaya gaban aji ƙafarsa na rawa, malaminsa na jiya yake kwaikwayo.

Shi ya sa nake ganin duk maganar da ake yi ta shigar da fasahar zamani makarantun karkara, daga ɗakin lacca ya kamata ta faro. A yankin nan namu, malaman firamare da na ƙaramar sakandare daga wurare sanannu suke fitowa: Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Bichi, ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, tsangayoyin ilimi na jami'o'i irin su Bayero da Sule Lamido ta Kafin Hausa, sai kuma cibiyoyin karatu daga nesa na Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a Kaduna a 1976. Takardar shaidar malanta ta NCE, mai ɗaukar shekara uku, ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake shiga aji da ita. Lakcara guda a irin waɗannan makarantu ɗaruruwan ɗalibai ke bi ta hannunsa duk shekara, kowannensu kuma zai shafe shekaru yana koyar da yaran Gagarawa ko Kunci ko Auyo. Idan hannun lakcaran nan ya faɗa da wata dabara, ta isa ƙauyukan da motar gwamnati ba ta taɓa zuwa ba. Idan bai iya ba, ko kwamfuta nawa aka sauke a firamaren, a kwali za ta ci gaba da zama.

To wane irin taimako ake ba shi? Iri biyu ne aka fi yi, wato kaya da bita.

Ta fannin kaya, ba za a ce ba a yi komai ba. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a gurbin tsohon asusun harajin ilimi, yana karɓar wani kaso daga ribar kamfanoni yana zubawa a jami'o'i da kwalejojin gwamnati, kuma duk wanda ya shiga waɗannan makarantu zai ga gine-gine da ɗakunan kwamfuta masu ɗauke da tambarinsa. Jigawa ma tana da tarihi a wannan harka, domin tun zamanin mulkin Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da dama ba su ma fara tunanin abin ba. Sai dai ɗakin kwamfuta daban, koyarwa da kwamfuta daban. Tun da hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, babban aikin irin waɗannan ɗakuna ya koma na jarrabawa da rajista. Aiki ne mai amfani. Amma malamin Hausa ko na lissafi ko na addinin Musulunci da wuya ka ga ya kai ajinsa can, domin sai ya rubuta takarda, ya nemo mai mabuɗi, ya tabbatar akwai man inji, sannan ya san yadda zai cusa ɗalibai ɗari uku a ɗakin da ba zai ɗauke su ba. Sau ɗaya mutum zai sha wannan wahala ya koma wa allinsa.

Dalilin da ya sa hukumomi suka fi son sayen kaya a fili yake. Kaya ana ƙirga su, ana ba da kwangilarsu, ana yanka kyalle a ɗauki hoto. Canjin da ya faru a kan malami ba ya ƙirguwa haka. Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutarsa, amma da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi diddigi, rahoton da ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da na harshe ba. Yara sun iya sarrafa na'ura, karatu kuma yana nan inda yake, saboda yadda malami ke koyarwa bai sauya ba.

Ita kuwa bita, kowa a cikinmu ya san fasalinta. Kwana uku a wani otal a Kano ko Dutse, ga sanyin na'ura, ga wuta ba ɗaukewa, ga intanet kyauta. A koya wa mutane haɗa darasi a PowerPoint da buɗe aji a Google Classroom, a raba takardar shaida da alawus, a watse. Ranar Litinin malam ya koma ɗakin lacca mai ɗalibai ɗari huɗu, babu wuta, soket ɗin bango ma ya daɗe da mutuwa. Ya gwada abin da ya koya ya maƙale a mataki na biyu, babu wanda zai tambaya, domin mai bitar ya koma Abuja. Bayan wata guda abin ya bi ruwa.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan zurfi. A irin wannan bita malamin ilimin sinadarai da malamin Larabci benci ɗaya suke zama, abu ɗaya ake koya musu, kamar dai fasaha wani fanni ne mai zaman kansa da za a ɗora a kan kowane darasi. Masana harkar koyarwa sun daɗe da gano ba haka abin yake ba. A 1986 wani masani ɗan Amurka, Lee Shulman, ya nuna cewa sanin fanni da sanin dabarun koyarwa ba su isa ba idan suna rarrabe, akwai wani sani na uku, wato sanin yadda ake koyar da shi wannan fannin takamaimai: inda yara suka saba ruɗewa, da misalin da ke warware musu. A 2006 Punya Mishra da Matthew Koehler na Jami'ar Jihar Mishigan suka ƙara fasaha a kan wannan, suka ce abin da ake buƙata shi ne inda ukun suka haɗu. A sauƙaƙe, tambayar da ta dace ba ta tsaya a kan ko malam ya iya kunna majigi ba. Tambayar ita ce, a darasin kason lamba, wanda yara suka fi shan wuya a kai, wace na'ura ce za ta sa su ga cewa rabi ya fi sulusi yawa duk da cewa uku ta fi biyu? Amsar wannan sai malamin lissafi. Injiniyan kwamfuta, duk ƙwarewarsa, ba zai iya ba shi ita ba.

Shekarar 2020 ta tona mana asiri. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, a watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Aka yi ta kiran a koma karatu ta intanet, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya isa ƙauyukan Kano da Jigawa a lokacin shi ne darussan rediyo, sai kuma 'yan rukunonin WhatsApp da wasu malamai suka buɗe don kansu. Ni a nan na ɗauki darasi: abin da ya yi aiki shi ne abin da tun farko yake hannun mutane, suka saba da shi, kuma bai fi ƙarfin aljihunsu ba.

Aljihun kuwa ya ƙara ramewa tun daga lokacin. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, tayar da inji don lacca guda ya zama abin lissafi. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har da kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin da ya zo daga ƙauye da ɗan garinsa da ƙuli-ƙuli, yake kai wayarsa shagon mai caji ya biya, idan ka ce ya shiga lacca ta Zoom ta awa guda, wadda kan cinye ɗaruruwan megabait, ka ce masa ya zaɓa tsakanin darasi da abincin dare. Duk shirin da aka gina a kan cewa akwai wuta da sabis a kowane lokaci, an gina shi ne don 'ya'yan birni.

Saboda haka ni ma'aunina ɗaya ne. Duk abin da za a koya wa lakcara ya koya wa ɗalibinsa, a tambaya: zai yi aiki a ajin da babu wuta, babu sabis mai ƙarfi, yara sun haura tamanin, na'urar da ke akwai kuma wayar malam ce kaɗai? Abubuwan da suka tsallake wannan ma'auni sun fi yadda ake zato yawa.

Wanda na fi ba muhimmanci shi ne kyamarar waya. A manhajar NCE akwai darasin ƙaramar koyarwa, inda ɗalibi ke tsayawa gaban 'yan'uwansa ya koyar na 'yan mintoci, yana gwada dabara guda, kamar buɗe darasi ko jefa tambaya, sannan a yi masa gyara ya sake. A Jami'ar Stanford aka ƙirƙiro wannan tsari a farkon shekarun 1960, kuma tun da wuri aka haɗa shi da ɗaukar bidiyo, domin ruhinsa shi ne mutum ya ga kansa. A da wannan sai da ɗaki na musamman da kyamara mai tsada, shi ya sa a wurare da yawa aka bar ɗaukar hoton aka riƙe sunan darasin kawai. Yau kuwa kusan kowane rukuni na ɗalibai biyar ba za a rasa mai babbar waya ba. A jingina ta a kan littattafai, ɗaya ya koyar na minti bakwai, su zauna su kalla tare. Gani ya kori ji. Sau goma za ka ce wa ɗalibi yana juya wa aji baya ya yi maka musu, amma idan ya ga ƙeyarsa da idonsa na minti biyar cur, ba sai ka ƙara magana ba. Zai ga cewa ya yi tambaya bai jira ko daƙiƙa biyu ba ya amsa da kansa. Zai ga cewa layin gaba kaɗai yake kallo, kuma maza kaɗai yake kira. Zai ji sau nawa ya ce "kun gane ko?" ajin ya amsa da "e" alhali babu wanda ya gane. Wannan ba ya cin data ko ta sisi, caji kawai yake so.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne abin ke da wuya. Wanzami ba ya son jarfa. Lakcaran da zai sa ɗalibai su ɗauki kansu, ya kamata shi ya fara yarda a ɗauke shi, ya zauna da abokan aikinsa biyu ko uku na sashe ɗaya su kalli laccarsa. Da yawa daga malaman jami'a, ban da na tsangayar ilimi, ba a taɓa koya musu koyarwa ba. Sun yi digiri na biyu da na uku a fanninsu, aka miƙa musu aji. Mutum ya shekara ashirin yana koyarwa babu wanda ya taɓa zama a ajinsa don ya taimake shi. Ranar da ya fara ganin kansa ba ta da daɗi, amma ban san wata bita da ta kai ta tasiri ba.

An ma taɓa gwada makamancin haka a nan gida. Shirin horar da malamai na TDP, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya kuma fara da Jigawa da Katsina da Zamfara, ya yi amfani da gajerun bidiyoyin darasi da malami zai kalla a waya ba tare da intanet ba. Hikimar da ke ciki ita ce malamin ƙauye ya ga wani malami irinsa, a aji irin nasa, yana yin abin da ake ce masa ya yi. Irin waɗannan shirye-shirye kan zo da wa'adi, idan kuɗi ya ƙare su naɗe tabarma. Kwaleji ita ce ba ta tashi, saboda haka a can ya kamata dabarar ta samu gidan zama.

Na biyu shi ne murya. Saƙon murya na minti goma bai kai nauyin bidiyon minti ɗaya ba. Lakcara zai iya naɗar bayanin da ya saba karantowa, ya tura wa shugaban aji, shi kuma ya raba wa saura ta Xender ko katin memori, yadda dai suke raba waƙoƙi da finafinai da wa'azi ba tare da data ba. Hanyar rarrabawar tana nan, su suka gina ta da kansu. Idan ɗalibai suka saurara kafin su zo, sai lokacin lacca ya koma na tambaya da muhawara da gwaji, maimakon shifta. Wannan ya fi amfanar ɗalibai mata, musamman matan aure masu goyo da ke zuwa daga garuruwan kewaye, waɗanda rashin mota ko rashin lafiyar yaro kan sa su rasa lacca. Su ne kuma malaman da makarantun karkara suka fi ƙishirwa, domin akwai iyayen da ba sa sakin jiki su bar 'ya mace ta ci gaba da zuwa makarantar da babu malama ko ɗaya. Amma a lura, ba kowace ɗaliba ke da babbar waya tata ta kanta ba, wata ta miji ce ko ta yaya. Fayil ɗin murya yana buɗewa ko a ƙaramar waya mai memori, wannan ma wani dalili ne na fifita shi.

Daga nan sai abin da ya shafi kowane fanni. Malamin lissafi yana da GeoGebra, manhaja ce kyauta da ke aiki ba intanet, ɗalibi ya ja kusurwar alwatika da yatsa ya ga jimillar kusurwoyin ba ta barin 180. Malamin kimiyya yana da gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Kolorado, ana sauke su sau ɗaya a ajiye, a haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan gilashin waya a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji. Akwai dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, wanda ke da darussa har da na Hausa. Malamin Hausa kuwa, abin da ya fi kusa da shi ma bai wuce allon rubutun waya ba. Gboard yana da Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, amma ɗalibai nawa ne a sashen Hausa aka taɓa nuna musu yadda za su kunna shi? Suna rubuta baki a inda suke nufin baƙi, kafa a inda suke nufin ƙafa, haka kuma za su je su koyar. Minti biyar ya isa a gyara wannan. Sannan a tura su hutu da aikin naɗo tatsuniya daga bakin kaka, ko waƙar daɓe, ko kirarin masunta a bakin kogin Haɗeja, su rubuta, su yi nazari. A shekara uku sashen ya tara taskar da babu ita a kowane laburare, ɗaliban kuma sun koyi cewa waya abin tattara ilimi ce daga ƙauyensu, ba ta karɓowa daga waje kaɗai ba.

Idan na koma kan saurayin nan na aji biyar, ba na fatan ya ɗaga waya sama yara tamanin su yi ta leƙe. Abin da nake fata shi ne da daddare ya kalli yadda wani ya koyar da darasin, da safe ya zo da kwano da ruwa da farar leda, ya rufe ya ajiye a rana a bakin aji, kafin a tashi hutun tara, yara su ga ɗigon ruwa ya taru a cikin ledar, ya tambaye su da Hausa daga ina ruwan nan ya hau. Wayar tana aljihunsa, amma ita ta sauya darasin. A ajin ƙauye mafi yawan amfanin fasaha a nan yake, wajen shirya malam. Idan an ƙara da 'yar sifika mai caji don darasin karatu ko furucin Turanci ko tajwidi, an kai maƙura.

Na san akwai masu cewa duk wannan riga malam masallaci ne. Makarantar da iska ta yaye rufinta, yara na zaune a ƙasa, malami ɗaya na riƙe da aji uku, wace fasaha za a yi mata magana? Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024, wanda ya nuna girman ɓarnar. Ina tare da su a kan cewa idan kuɗi ɗaya ne, a yi rufi a ɗauki malamai kafin a sayi allon lantarki. Inda muka rabu shi ne, abin da nake magana a kai ba ya gasa da kuɗin rufi. Wayar tana hannun ɗalibin tun kafin ya zo kwaleji. Jarrabawar shiga ta JAMB a kwamfuta ya yi ta, ta hukumar rajistar malamai TRCN ma a kwamfuta zai yi. Fasahar ta riga ta shigo rayuwarsa, saura kawai ko za ta shiga sana'arsa ta hanya mai kyau, ko ta tsaya a ɗaukar hoton handawut.

Yanzu ma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, ba ta nemi izinin kowa ba. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, lakcarori ke karɓar aikin gida mai Turanci sumul daga ɗaliban da ba sa iya bayanin layi ɗaya a cikinsa. Hani ba zai yi aiki ba, domin babu mai iya tsare shi. Abin da ya fi shi ne malam ya kawo abin cikin aji: a sa ta rubuta tsarin darasi na aji uku, a karanta tare, a nemo inda ta kawo misalin da yaron Sule Tankarkar bai taɓa gani ba, inda ta ɗauka akwai kayan aikin da babu, inda Hausarta ta karkace, inda ta faɗi abin da ba haka yake ba da cikakken ƙarfin hali. Ɗalibin da ya iya wannan tacewar ya samu mataimaki. Amma lakcaran da bai taɓa buɗe ta ba, ba zai iya jagorantar wannan zama ba, kuma yawancinsu babu wanda ya zauna da su ya nuna musu.

A nan ya kamata a yi wa lakcarorin adalci. Ana yawan cewa tsofaffin malamai ba sa son canji. Abin da na fi gani shi ne kunya da gajiya. Dattijon da ake girmamawa ba zai so ya tsaya gaban 'ya'yan cikinsa yana lalube a kan na'ura suna ƙus-ƙus ba. A zauren bita ma ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Amma idan aka haɗa shi da ƙaramin malami na sashensu, su biyu a ofis, awa ɗaya a mako har ƙarshen zango, wannan ya kawo sanin na'ura, wancan ya kawo sanin inda ɗalibai ke tuntuɓe, za a sha mamaki. Kowane sashe yana da irin wannan matashin. Abin da ya rage shi ne a san da aikinsa, a rage masa wani nauyin, kada abin ya zama taimakon da yake yi don Allah kawai har ya gaji.

Sannan ga batun ƙarin girma. Lakcara yana hawa mataki ne da yawan maƙalun da ya wallafa. Wanda ya kwashe hutunsa yana naɗar darussa da gyara yadda yake koyarwa, idan lokacin ƙarin girma ya zo, abokinsa da ya rufe ofis ya rubuta maƙala biyu zai wuce shi. Ga albashin da hauhawar farashi ya cinye, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas. Mutum mai hankali zai sa ƙarfinsa inda ake sakawa. Muddin majalisun jami'o'i da na kwalejoji ba su ba ingancin koyarwa maki na gaske ba, 'yan ƙalilan masu sha'awa ne kaɗai za su riƙa yi. Haka abin yake ga ɗalibi: takardar da mai duba TP ke cikewa ita ce alƙiblarsa. Idan a ciki babu inda ake tambayar yadda ya shirya darasi da abin da yara suka yi da hannunsu, zai ci gaba da cika allo da rubutu, domin shi ake gani.

Shi kansa duba TP ɗin waya za ta iya sauƙaƙa shi. Ana tura ɗalibai makarantu masu nisa, wasu a kan hanyoyin da damina ke yankewa, kamar ƙauyukan fadamar Haɗeja da ambaliyar 2022 ta raba da gari na makonni. Mai dubawa kan samu zuwa sau ɗaya ko biyu, ya zauna minti ashirin, ya ba da maki, ya kama hanya. Da ɗalibi zai riƙa ɗaukar minti goma na darasinsa duk mako biyu, ya tura idan ya shigo gari ranar kasuwa, malaminsa ya kalla ya mayar masa da saƙon murya na gyara ɗaya tak da zai gwada a mako mai zuwa, da ziyarar ido da ido ta tarar da mutumin da aka riga aka fara gyarawa. Kuɗin datar wannan kwaleji ya kamata ta ɗauka, cikin kuɗin da take warewa na duba TP. Kuma tun kafin a fara sai an kafa ƙa'ida, domin 'ya'yan mutane ne a ajin: a nemi izinin hedimasta, a sanar da kwamitin iyaye da mai unguwa, a ajiye wayar a bayan aji ta fuskanci malam da allo yadda fuskokin yara ba za su fito ba, musamman 'yan mata, kada bidiyon ya wuce tsakanin ɗalibi da malaminsa, a kuma goge shi da zarar an gama zangon.